Tafiyata Anacha Sayen Sifirit

Tun da na dawo daga Anacha ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta bakin kasuwa, a ɗakin malamai, har a ƙofar masallaci bayan la'asar, duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Malam Habu, yaya ka baro mutanen kudu? Me ka ci? A ina ka yi salla?" Nakan ce lafiya lau, in kawar da zancen. Wasu sun ɗauka rowar labari nake yi, alhali kuwa akwai wuraren da in na zo kansu bakina ke yin nauyi. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, mai daɗin da marar daɗin, kowa ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, kemistiri nake koyarwa a wata sakandare a nan Daura. Da yamma kuma ina zama a shagon turaren da na gada wurin mahaifina. Turaren fesawa abu biyu ne ake haɗawa. Akwai man ƙamshin, akwai kuma ruwan da ke narkar da shi, wanda mu masu sana'ar muke kira sifirit, a aji kuma nake ce wa ɗalibai itanol. Ɗan ƙaramin sinadari ne, ƙwayar kabon biyu ce kacal a jikinsa, amma aikinsa da yawa. Shi ke ɗaukar man ƙamshi ya baza shi a tufa, sannan ya bi iska ya bar ƙamshin. Shi ake goge fata da shi kafin a yi allura. Kuma shi ɗin dai ne ke sa maye a cikin giya. Wannan na ƙarshen shi ya jawo tafiyar.

Da aka ƙaddamar da Shari'a ina cikin waɗanda suka yi kabbara, har yau kuma ban yi nadama ba. Na je na tambayi malaminmu hukuncin sifirit a turare, ya ce malamai sun saɓa, amma shi yana tare da masu ganin babu laifi tunda ba don sha aka yi shi ba. Sai dai mutumin da ke kawo mana shi daga Kano ya ce ya gaji da yi wa masu bincike bayani a hanya, ya daina. Kwalabena suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, ga azumi na matsowa, lokacin da aka fi sayen turare.

Shagon da ke manne da nawa na Emeka ne, Ibo mai sayar da kayan gyaran babur. Ya daɗe a Daura, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari daɗi. Matarsa Ngozi ta tafi gida da yaransu tun lokacin da aka yi tashin hankali a wasu garuruwa, ba ta dawo ba. Da ya ji ina ƙorafi sai ya leƙo ya ce, "Malam, abin da kake nema a garinmu ganga-ganga ake sayar da shi. Zan je saro kaya mako mai zuwa. Zo mu tafi, masauki da abinci duk a wuyana."

Na ce zan yi shawara. Maiɗakina Binta ta ce kada in je. Abokaina suka ce in zan je in aske gemu. Emeka kuwa kullum sai ya sake tuna mini, har na yi mamakin yadda ya damu da turarena haka. Daga baya na san dalili.

Mun bar Daura bayan asuba, muka bi ta Kazaure zuwa Kano. Emeka ya ce ba za mu shiga motar dare ba saboda 'yan fashi, don haka muka kama ƙaramar bas ta rana. Kafin a tashi wani mutum mai kwat ya miƙe a tsakiyar mota ya yi wa'azi da addu'a da ƙarfi, fasinjoji na amsawa, ni kuma na ja carbina a hankali. Da ya gama sai ya buɗe jaka ya fara tallar maganin basir da na ciwon haƙori, ya miƙo mini kwalba ɗaya in sansana. Hancin mai turare ba ya ɓata, man kanumfari ne da kafur, ba wani abu. Na kusa faɗa a fili, Emeka ya taka mini ƙafa. "Bar shi ya ci abincinsa, Malam," in ji shi.

A Lakwaja muka kwana, a wani masauki kusa da tasha. Abin da na fi tunawa a can shi ne kifi, manya-manya an soya an jera a tire, mata na bin mota da gudu. Na sayi guda na ci ba tare da na lura da yajin da aka barbaɗa ba. Mu nan muna taƙama da yajin tsire, to wannan wani abu ne daban. Na ɗaga ruwa na shanye, wutar ta ƙaru. Ni da nake gaya wa ɗalibai cewa sinadarin zafin barkono ba ya narkewa a ruwa sai a mai, ga ni ina kwankwaɗar ruwa hawaye na zuba. Mai kifin ce ta tausaya mini ta ɗebo manja a cokali ta ba ni. Emeka ya yi dariya har ya riƙe ciki.

Washegari da muka wuce Okene ƙasa ta fara canzawa, daji ya yi duhu, coci ya fi masallaci yawa, Hausa ta ɓace daga bakin mutane. Shingen 'yan sanda kuwa ba a magana, kafin ka gama gyara zama an sake tsayar da ku. Da muka doshi Asaba aka ce ga gadar kogin Kwara can, sai na ji kamar iyakar wata ƙasa zan tsallaka ba fasfo. Duk labaran da aka ba ni a majalisa suka dawo mini. Na zame hulata a hankali na cusa a aljihu.

Emeka ya gani. Ya ce, "Malam, ina hularka?"

Na ce zafi nake ji.

Ya ce, "Mayar da ita. Tare muke."

Na mayar, ina kallon taga don kada mu haɗa ido.

Tashar Anacha ban taɓa ganin cunkoso irinta ba. Muna sauka wasu 'yan kamasho suka kewaye ni, wannan ya ja jakata, wancan ya ce "aboki, aboki", wani ya kai hannu zai taɓa gemuna yana dariya. Kafin in buɗe baki Emeka ya shiga tsakani ya ture hannun, ya yi musu magana da yarensu da wata murya da ban san yana da ita ba. Suka watse. Na tambaye shi me ya ce musu. Ya ce, "Na ce kai yayana ne, wanda ya taɓa ka ni ya taɓa."

Gidansu yana wani ƙauye a bayan gari. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Mama, tsohuwa ce gajera mai ƙarfin murya. Ta fito da rawa ta tarye mu. Ngozi ta durƙusa ta gaishe ni da Hausarta da ta fara tsatsa. Aka shigar da ni har tsakiyar gida, aka zaunar da ni a kujerar da ta fi kowace kyau, dattawan dangi suka taru.

A nan na yi katoɓarata ta farko a gidan. Aka kawo goro a faranti aka fara miƙo mini. Ni kuwa na ga goro, abin gida, sai na ɗauki ɗaya na ɓare na jefa a baki, har ina cewa madalla. Kowa ya zuba mini ido. Ashe a wurinsu nuna wa baƙo ake yi ya taɓa, farantin ya zagaya, ya koma hannun babban gida ya yi doguwar addu'a a kansa, sannan a fasa a raba. Mu muna cin goro a tsaye a bakin titi, su kuwa sai an yi masa zama. Na tsaya da goro a kumatu, na kasa taunawa na kasa tofarwa. Kawun Emeka ne ya cece ni, ya fashe da dariya ya ce wani abu, kowa ya ɗauka. Emeka ya fassara mini: wai tunda daga ƙasar masu cin goro na zo, an yafe mini, yunwarsa ce ta kamo ni.

Da aka kai ni ɗakin da zan kwana na tarar an share shi, an shimfiɗa sabuwar tabarma, ga sabuwar butar roba a ƙofa. Ngozi ta nuna mini bango ta ce, "Gabas nan. Mama ta aika an tambayo Hausawa masu shanu." Ta ce kazar da za a ci ma wurinsu aka kai suka yanka, tukunyar kuma sabuwa ce, ba a taɓa dafa komai a ciki ba.

Na zauna a bakin tabarmar. Shekara da shekaru muna maƙwabtaka da Emeka, yana tsare mini shago in na tafi salla, amma bai taɓa wuce zauren gidana ba. Ko da sallar layya, a leda nake miƙa masa nama a kasuwa. Ban taɓa tambayarsa me yake ci me ba ya ci ba.

Abincin sakwarar rogo ce mai tsami da miyar shuwaka. Ina kai loma na ji wani wari da na sani, na ce a'a, daddawa a nan? Suka ce sunanta ogiri, da 'ya'yan wani tsiro ake yin ta, a rufe a ganye ta kwana biyu ta ruɓa. Hanyar ɗaya ce da tamu ta kalwa, ƙananan halittu su cinye ƙwayar su saki sinadaran da hanci ke gudu harshe ke so. Na ci na ƙara. Ba su tauna sakwara, haɗiya suke yi, ni kuwa na tauna abata kamar tuwo, yara na leƙe suna ƙyalƙyala dariya.

Da safe kawun ya zo da bammi a gora, fari kamar nono, yanzu aka sauko da shi daga bishiya. Ya ce in sha, wannan ba giya ba ce, zaƙi ne zalla. Ya yi gaskiya ta wani ɓangaren. Ruwan da safe sukari ne, amma tun yana kan bishiya yis, irin wanda ke kumbura burodi, ya fara aiki a cikinsa, kafin yamma sukarin ya zama itanol, in ya ƙara kwana kuma ya juye ya zama ruwan tsami irin wanda ake sa wa abinci. Na yi masa wannan bayanin, na ce matsalata ban san a wace sa'a na farkon ke zama na biyun ba, don haka gara in haƙura. Ya ce malamin makaranta dai malamin makaranta ne, ya sa aka kawo mini lemon kwalba, ya shanye rabona.

Kasuwar sinadarai tana kusa da bakin gada, layi-layi, ganguna shuɗɗa har sama. Warin wurin kansa darasi ne: nan asiton mai goge jan farce, can wani mai ƙamshin ayaba, gaba kaɗan hodar banila da ake sa wa biskit. Abin da nake tsoro shi ne a haɗa ni da mitanol. Ƙanin itanol ne, kabon ɗaya ya rage masa, kala ɗaya, wari kusan ɗaya, ga araha. Amma guba ne, in ya shiga jiki yana makantarwa, yana kisa. Ba zan sa shi a abin da mutane za su fesa a wuyansu su shiga masallaci ba. Don haka na taho da 'yar hodar borik daga ɗakin gwajinmu. In ka zuba ta a sifirit ka kunna, in akwai mitanol da yawa wutar kore take ci.

A shagon farko, cikin inuwa, na zuba a murfin gwangwani na ƙyasta ashana. Wuta ta tashi kore shar. Mai shagon ya fara rantse-rantse, mutane suka taru, Emeka na ta nuna ni yana cewa farfesa ne daga arewa. Kaina ya kumbura. A shago na biyu teburin a rana yake. Na zuba, na ƙyasta, ban ga komai ba. Na manta abin da nake gargaɗin ɗalibai da shi duk shekara, cewa wutar sifirit ba ta ganuwa a hasken rana. Na miƙa hannu zan ɗauki murfin in sake, sai hannun rigata ya kama. Na yi tsalle ina salati, wata mai sayar da ruwan leda ta juye mini bokitinta gaba ɗaya, da ƙanƙarar da komai. Ban ƙone sosai ba, amma rigar ta tashi daga aiki. Emeka ya shiga wani shago ya sayo mini rigar 'yan ƙwallo ja mai lamba a baya. Haka farfesa ya ƙarasa cinikinsa, da gemu da hula da rigar ƙwallo, duk layin na nuna shi.

Da na sake gwadawa a inuwa na ga sifirit ɗin shago na biyun mai kyau ne, irin na masu turare wanda ake sa wa wani sinadari mai tsananin ɗaci don kada wani ya sha. Na cika jarkokina, na sayi man wardi da na sandal. Masu dako suka haɗa su da kwalayen Emeka, suka rubuta sunansa da alƙalamin maka a jikin komai don kada kaya su rabu a mota. Na gani, amma ban ga abin damuwa a ciki ba.

Ana gobe za mu taho, da yamma, Mama ta sa aka kira ni ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ngozi na zaune gefenta, Emeka na tsaye yana fassara, yana kallon ƙasa. A nan na gane abin da ya sa ya matsa mini in zo. Ya daɗe yana roƙon Ngozi ta koma Daura, ita tana tsoro, Mama kuma ta hana. Ya ce musu mutanen Daura ba haka suke ba, suka ce baki ne kawai. Shi ne ya kawo ni su gani da idonsu.

Mama ta kama hannuna da nata biyu. Ta ce ta ga ni mutumin kirki ne mai tsoron Allah. Ta ce ɗanta ba shi da kowa a can. In wata rana abu ya taso, zan tsaya masa?

Na dafa ƙirji na ce, "Mama, sai dai a fara ta kaina."

Ta ce to Ngozi ta shirya kayanta. Yara su zauna su gama zangon karatu, in ta ga wuri lafiya a zo a ɗauke su.

Dawowarmu har Kano babu abin faɗi sai gajiya. Ngozi ta saki jiki, tana ta tuno Hausa, tana tambayata labarin Binta. A Kano muka sauke kaya muka ɗora a bas ɗin Daura. Na sa farar rigar da na ajiye don shiga gida. Direban ya san ni, ya ba ni gidan gaba. A bayana kuma ga Alhaji Sule, dattijon unguwarmu, wanda yake bin sallata duk ranar da liman bai fito ba. Emeka da Ngozi suna can kujerar baya kusa da kaya.

A wani gari a hanya, ba sai na faɗi sunansa ba, muka tarar da shinge. Samari ne masu kaki da ke binciken motoci saboda masu shigo da giya a ɓoye. Suka buɗe but, suka ɗaga kwalaye, ɗaya ya kwance murfin jarka ya kai hanci. Ya ja da baya yana toshe fuska.

"Giya ce! Wallahi giya ce! Ta waye?"

Wani ya karanta sunan da ke jikin jarkar da ƙarfi. Duk motar ta juya ta kalli Emeka.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, in buɗe ƙofa in ce nawa ne. Hannuna ma yana kan marfin. Amma sai na ji Alhaji Sule a bayana yana cewa, "Inna lillahi. Ka gani ko, Malam? Da su muke zaune, ga abin da suke shigo mana da shi." Nan take na hango labarin ya riga ni isa Daura: an kama Malam Habu da jarkokin giya. Na hango ɗalibaina, na hango sahun masallaci, na hango surukaina. Wa zai tsaya sauraron bayanin kabon biyu? Na ce a raina bari in ɗan jira, wataƙila su bar shi ya wuce. Na sauke hannuna daga marfin.

Suka fito da Emeka. Ya ce musu da Hausarsa mai kyau, "Ba giya ba ce, na haɗa turare ne."

"Kai mai turare ne?"

"Kayan babur nake sayarwa."

Suka yi dariya. "To me ya haɗa mai kayan babur da turare? Durƙusa nan."

Ya durƙusa a bakin titi cikin rana, hannuwansa a kai. Masu talla suka taru, yara suka fara ihu, wani daga nesa ya jefo ɓawon rake ya same shi a kafaɗa. Ta madubin gefe nake kallonsa. Ya san inda nake zaune, kalma ɗaya zai faɗa a juyo kaina. Bai ko kalli gaban motar ba.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba. Abin da na sani shi ne na ji an ƙwanƙwasa gilashi, na juya na ga Ngozi. Ba ta kuka, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam. Kai magana."

Na fito. Na ce, "Ku tashe shi. Jarkokin nawa ne."

Shugabansu wani mutum ne mai furfura a gemu, yana zaune a benci ƙarƙashin bishiya. Ya taso ya ce in yi bayani. Ban ɓoye masa komai ba. Na ce sinadarin da ke cikin jarkar shi ne dai wanda ke cikin giya, amma wannan an sa masa ɗacin da ba mai iya haɗiye shi, kuma shi ne a cikin kowane turaren fesawa da ke kasuwa, shi ne a audugar asibiti. Na ɗauko man wardi na ɗiga a ruwan sha, ya taso sama ya ƙi haɗuwa. Na ɗiga a ɗan sifirit, ya narke nan take. Na shafa masa a bayan hannu, ya ji sanyi, ruwan ya bushe, ƙamshin ya zauna. Ya sansana, ya miƙa wa yaransa su ma suka sansana. Ya yi mini tambayoyi masu ma'ana, na amsa, ya gamsu.

Sannan ya dube ni daga hula har takalmi ya ce, "Malam, na ji bayaninka, kuma ka san aikinka. Abu ɗaya ne ban gane ba. Tun ɗazu kana zaune a motar nan?"

Na ce e.

"Kana kallo muka durƙusar da bawan Allah a rana kan kayanka?"

Ya juya wurin Emeka ya kama hannunsa, ya kakkaɓe masa ƙurar gwiwa da kansa, ya ce, "Ka yafe mana, mun zalunce ka bisa rashin sani." Ya kori yaran da suka taru, ya sa samarinsa suka mayar da kaya yadda suka same su.

Muka kama hanyar Daura. Alhaji Sule ya yi ta jan carbi. Na so in koma baya in zauna kusa da su Emeka, na kasa. Da muka sauka a tasha Emeka ya taya ni ɗora jarkokin a kura, ya ce, "Sai da safe, Malam," kamar kullum. Ngozi ta riga ta yi gaba.

Labarin ya zaga gari kamar yadda na ji tsoro, sai dai bai yi mini ɓarnar da na zata ba. An yi kwana biyu ana tsokanata da mai sifirit, liman ya ce shi ma turaren nan yake fesawa, magana ta mutu. Abin da na saya da shiruna ke nan, abin da ko ban yi shirun ba zan same shi.

Na gaya wa Binta komai. Ta tashi ta dafa dambu da zogale ta sa mayafi ta tafi gidan su Ngozi da kanta, ta daɗe a can. Ni ma na sami Emeka a shago na ce ya yafe mini. Yana jera fulogi a kwali, bai ɗago ba, ya ce, "Ya wuce, Malam. Tsoro ne, kowa yana da shi." Ngozi tana nan ba ta koma ba, tana gaishe ni in mun haɗu. Yaran dai har yanzu ba a je an ɗauko su ba, ni kuma ban da bakin tambaya.

Ranar Juma'ar da ta wuce ina cikin cika kwalabe Emeka ya leƙo ya ce in zo, Mama ce a waya. Muka je wurin mai wayar kuɗi da ke ƙarƙashin lema a bakin titi. Na kara a kunne, muryarta ta cika shi, tana magana da sauri tana dariya, na ji sunana a ciki har sau nawa. Na miƙa wa Emeka ya saurara, ya fassara mini. Wai tana godiya. Wai Ngozi ta gaya mata an tsare su a hanya, ni na fito na yi magana aka sake su. Wai tana sa ni a addu'a kullum, ni da iyalina.

Na dubi Emeka. Ya miƙo mini wayar ya ce a hankali, "Iyakar abin da muka gaya mata ke nan. Tsohuwa ce, Malam. Ka ce mata ba komai."

Na karɓa na ce, "Ba komai, Mama."